Sabon Malami Baƙo Ne, A Yi Masa Shimfiɗa

Jama'a, kowace shekara kwalejin nan tamu ta kan sallami ɗalibai. A yi taro, a yi jawabi, a ɗauki hoto da doguwar riga da hula mai geza, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Mu kan ƙidaya waɗanda suka ci jarrabawa har mu yi alfahari da yawansu, amma ba safai mu kan bi sawu mu ga abin da ya same su ran da suka kama aiki ba. Ni kuwa a ganina ranar nan, da watanni uku da ke biye da ita, sun fi ranar biki nauyi. Shekara uku mu ke yi muna gina malami kafin ya sami takardar NCE, amma hedimasta marar lura ya kan iya rushe ginin nan cikin zango guda, ba kuwa da mugun nufi ba, sai don bai san yadda a ke karɓar sabon ma'aikaci ba.

Bari in fara da kaina, don gani ya kori ji. Ran da na kama aiki Litinin ce. Na sauka daga mota da akwatina da takardar kama aiki, a wani gari da ban taɓa takawa ba, ban kuwa jin harshen mutanensa. Na tarad da hedimasta a bakin ofis, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne sabon malamin da aka turo." Ya dube ni, ya dubi takarda, ya ce, "Af, kai ne? To, madalla, dā ma muna nema." Nan take ya kira monita ya ce, "Kai Malam aji biyar." Ya miƙo mini guntun alli biyu, shi ke nan an gama karɓata. Ashe ajin nan ya yi zango guda cur ba malami. Ban san inda suka tsaya a lissafi ba, ban san littafin da su ke karantawa ba, ban ko san lokacin da a ke kaɗa ƙararrawar tashi ba. Daren nan a kan benci na kwana cikin ɗakin ajiya, maigadi ne ya sammini tabarma. Kafin sati ya zagayo har na rubuta wa tsohona takarda cewa ni dai aikin nan ya fi ƙarfina, zan dawo gida.

Abin da ya tsai da ni wani dattijon malami ne, wanda ba shi da kome sai tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu. Ba wanda ya sa shi. Ya gan ni zaune ni kaɗai lokacin tara, ya jawo kujera ya ce, "Malam, kawo rajistarka mu gani." Tun daga ranar ya riƙe ni kamar ƙanensa. Da ba don shi ba, da yau ba ni cikin aikin nan. To, abin da na ke so mu duba shi ne, don me za a bar irin wannan babban al'amari ga sa'a, wanda ya dace da dattijon kirki ya tsira, wanda bai dace ba ya nutse?

Kuskure na farko shi ne rashin shiri kafin baƙo ya iso. Ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ya kan rubuta takardar turawa, wani lokaci ta riga malamin isa, wani lokaci shi ne zai kai ta da hannunsa. Ko ta yaya dai, hedimasta ya san ya roƙi a ƙaro masa malami, ya kamata ya zauna da shiri. Mu Hausawa in za mu yi baƙo, tun jiya a ke share ɗaki, a cika randa. Shirin sabon malami bai wuce haka ba: kujera da tebur nasa na kansa, taimtebur a rubuce, littattafan ajin da zai riƙe, da wurin kwana ko na sati biyu ne kafin ya sami haya. In kuwa malama ce, batun masauki ya zama wajibi. Ba daidai ba ne yarinya ta sauka a baƙon gari da la'asar sakaliya ta shiga yawon neman ɗaki. A nemar mata gidan mutunci, a haɗa ta da wata babbar malama, a kuma gaya mata tun ranar farko wurin wanda za ta kai ƙara in wani ya nemi ya ci mata zarafi, ko da wanda ya nema ɗin yana gaba da ita a wurin aiki.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi yawa, shi ne kuma ya fi ɓarna, watau a ɗora wa sabon shiga kayan da tsofaffin hannu suka ƙi ɗauka. Kowace makaranta tana da ajin da kowa ke gudu, ko don yawan yara, ko don taurin kansu, ko don rufin ɗakin yana yoyo. Da an ji sabon malami na tafe sai a yi hamdala, a keɓe masa ajin. Ban da wannan, a ɗora masa wasanni, da sharar fili, da taron safe, da rubuta abin da aka tattauna a taron malamai, wai ai shi ne yaro mai jini a jika. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare, amma wa ya taɓa ganin an ba sabon malami aji mai 35? In akwai irin wannan aji a makarantar, lalle yana hannun wanda ya fi daɗewa.

Ku dubi yadda masu sana'a su ke yi, waɗanda ba su taɓa shiga kwaleji ba. Maƙeri ba ya miƙa wa sabon yaro guduma ya ce ƙera mini garma. Zuga-zugi zai fara riƙewa, yana zuga yana kallon hannun maigida, har ya gane launin ƙarfe in ya nuna. Tela ya kan fara ba yaronsa guga da ɗinkin maɓalli, a daɗe kafin a bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Sun san in yaro ya ɓata ƙarfe ko yadi, su za su biya. Mu kuwa abin da mu ke miƙa wa sabon hannu 'ya'yan mutane ne, in ya ɓata musu shekara guda ba kasuwar da za a sayo musu wata.

Waɗansu ƙasashe sun mai da wannan doka. A Japan tun 1989 sabon malamin firamare ya kan yi shekararsa ta fari ƙarƙashin wani gogaggen malami da aka naɗa musamman don ya yi masa jagora. A Ingila, daga watan Satumba na 2021, aka mai da lokacin renon sabon malami shekara biyu, aka rage masa kashi 10 cikin 100 na darussansa a shekarar fari, da kashi 5 a ta biyu, don ya sami sukunin shiri da kallon yadda manya su ke yi. Ban ce mu kwaikwaye su ƙafa da ƙafa ba, halinmu ba ɗaya ba ne. Amma ba hedimastan da zai ce sai ya jira doka kafin ya ba sabon malami aji mai sauƙi, ya ba gwani mai wuya.

Kuskure na uku shi ne a ɗauka cewa tun da yana da takarda ya san kome. Gaskiya ne mun koya masa rubuta shirin darasi, ya kuma yi koyarwar gwaji. Amma ɗalibi mai koyarwar gwaji ɗan rakiya ne, ajin yana da mai shi, ba a tambayarsa rajista ko sakamakon ƙarshen zango. Ran da ya zama mai aji sai ya tarad da tulin littattafai: rajistar kiran suna da yadda a ke haɗa jimlarta ran Juma'a, tsarin aikin zango, littafin da a ke rubuta abin da aka koyar kowane sati, da takardar makin gwaje-gwajen da a ke tarawa kafin jarrabawa. Kowace makaranta kuma da irin nata salon. Ga kuma dokokin da ba a rubuta ba, waɗanda sun fi na rubuce kā da mutum: wa a ke fara gaisarwa da safe, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya, wa ke da ikon hukunta yaro kuma da wane irin hukunci, me za a yi in yaro ya faɗi da zazzaɓi a aji. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. In ba a gaya masa ba zai taka, in ya taka kuwa a ce ba shi da ladabi.

Akwai kuma masu yin kishiyar wannan, su ma ba su tsira ba. Su kan zaunad da sabon malami a ofis ranar farko tun safe har azahar, a karanta masa dokoki hamsin, a jibga masa littattafai, a ce ya sa hannu wai an yi masa bayani. Mutumin da ya kwana a mota, zuciyarsa na kan inda zai kwana yau, me zai riƙe? Tulu ba ya cika da kwarara, sai da tsiyaya. Ranar farko a nuna masa mutane da wurare, har da makewayi da rijiya. Sati na farko a bar shi ya zauna bayan aji ya kalli malamai biyu ko uku suna koyarwa. Rajista a koya masa ran Juma'ar farko, da rajistar a gabansa. Haɗa sakamako kuwa a bari sai jarrabawa ta ƙarato.

Kuskure na huɗu batun albashi ne. Kowa ya san sabon ma'aikaci ya kan yi watanni kafin sunansa ya shiga takardar biya. Ni wata huɗu na yi, da bashin mai shago na rayu. Ba hedimasta ke biyan albashi ba, wannan gaskiya ne, amma shi ya san hanya. Ya san takardun da a ke buƙata a buɗe fayil, ya san akawun da fayil ke kwana a teburinsa, ya san ranar da a ke rufe lissafin wata. In ya rubuta takardar shaidar kama aiki a ranar da malamin ya iso, ya duba cewa lambar asusun banki da ta BVN sun yi daidai da sunan da ke kan takardun makaranta, ya haɗa shi da wani ya raka shi ofishin ilmi, to, ya rage masa rabin wahala. Haka kuma a tuna masa da rajistar hukumar TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993 don yi wa malamai rajista, a kuma bayyana masa cewa a aikin gwamnati sai mutum ya yi shekara biyu ta gwaji kafin a tabbatad da shi. Sa'an nan malamai su duba cikin asusun adashinsu ko na ƙungiya, su ranta masa abin da zai ci kafin kuɗinsa su fito. Mai jin yunwa ba ya koyad da kowa kome. Yawancin malaman da suka koyi sayad da littafi dole ga yara, ko barin aji su tafi acaɓa, a watannin nan na fari suka koya.

Kuskure na biyar ya shafe mu ƙwarai, mu da ɗalibanmu su ke bazuwa ko'ina cikin Nijeriya, shi ne a gabatad da malami ga makaranta a manta da gari. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa da Yarabanci da Ibo, ban da harshen gidansu. Saboda haka an sha tura malamin Hausa inda ba mai jin Hausa sai 'yan tireda da mahauta, kamar yadda a ke tura ɗan Kudu ƙauyen Arewa. Irin wannan malami baƙo ne sau biyu. Da ɗan gari a kan ci gari. Hedimasta ya ɗauke shi da ƙafarsa ya kai shi ya gai da sarkin gari ko mai unguwa, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya nuna masa masallaci ko majami'a, da kasuwa, da asibiti. A koya masa gaisuwar safe da ta yamma cikin harshen garin, a gaya masa yadda a ke girmama manya a wurin, don abin da ke ladabi a Katsina ba lalle ne ya isa ladabi a Oyo ba. In garin yana da unguwar Hausawa, kamar Sabo a Ibadan ko Ama Hausa a Owerri, a haɗa shi da Sarkin Hausawa. Amma a ja masa kunne kada ya shige can ya rufe ƙofa, gama iyayen yaran da ya ke koyarwa ba a can su ke ba.

Ko gwamnati ta gane wannan a wani fanni. A aikin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa a 1973, ba a tura ɗan hidima wurin aiki sai ya yi sati uku a sansani, ana nuna masa halin jihar da aka kai shi. Wanda zai yi shekara guda ke nan. Malamin da mu ke fata ya yi shekara talatin da biyar fa, ko awa uku bai cancanta ba?

Kuskure na ƙarshe kashi biyu ne, shiru da tsawa. Wani hedimasta ba zai leƙa ajin sabon malami ba ko sau ɗaya, sai ran da mai duba makarantu ya zo ya sami kuskure, sa'an nan a rubuta masa takardar tuhuma. Wani kuwa ya kan faɗo aji ba sallama, ya karɓe alli daga hannun malamin, ya gyara masa kuskure a gaban yara. Wanda aka yi wa haka ya gama koyarwa a ajin nan, don yara ba su manta irin wannan. Dattijon da na ba ku labari ba haka ya yi mini ba. Ya kan gaya mini tun jiya cewa gobe zai shigo. Ya zauna a baya, bai ce uffan ba. Bayan an tashi sai mu zauna a gindin darbejiya, ya fara da abin da na yi daidai, sa'an nan ya kawo gyara guda ɗaya tak. Na tuna na farkon: ya ce, "Malam, kana magana da allo, ka juya wa yara ƙeya. Rubuta, ka juyo, sa'an nan ka yi magana." Sai da ya ga na gyara wannan ya kawo na biyu. Cikin zango guda na sami gyara goma sha biyu, har yau kuwa da su na ke aiki.

Na san abin da waɗansu hedimastoci za su ce. Za su ce, "Malam, kana zaune a kwaleji kana tsara zance. Ni malamai huɗu gare ni, azuzuwa shida. Ina na ga sarari in bar mutum ya yi sati yana kallo?" Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma mu tuna abin da ya auku a 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Aka shiga kwasar malamai da gaggawa, da masu horo da marasa horo, ana tura su aji kai tsaye. A shekarar nan ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, ta yi shekaru tana bin waɗannan malamai da darasi daga nesa don a cike gurbin da gaggawa ta bari. Abin da aka ƙi yi a farko sai da aka dawo aka yi shi daga baya, da tsada. Ajin da ya yi wata uku ba malami ba zai mutu don an ƙara masa kwana biyar ba. Amma in malamin ya gudu a wata na biyu, ko ya zauna da mutacciyar zuciya, ajin ya yi hasarar shekara. Bayan satin farko kuwa, abin da jagora zai kashe bai wuce awa guda a sati ba, watau awa goma sha biyu ko sha uku a zango. Wace makaranta ce ta rasa wannan?

Akwai kuma masu cewa, "Mu ma haka aka yi mana, ga mu ba mu mutu ba." Masu faɗin haka waɗanda suka tsira ne. Waɗanda suka ajiye alli suka koma kasuwa ba su cikin ɗakin malamai balle a ji ta bakinsu.

Kada ɗalibanmu su karanta wannan su ɗauka laifin duka na masu masauki ne. Sabon malami ma yana da nasa. Wani ya kan iso yana hura hanci da sabuwar takarda, ya ga tsofaffin malamai kamar zamani ya wuce su, sati bai cika ba ya fara cewa ba haka aka koya mana a kwaleji ba. Ɗan'uwa, riƙe bakinka zango guda, ka buɗe ido da kunne. Ka zo kafin ƙararrawa, ka gai da kowa har masinja da maigadi, ka yi tambaya ko ta ba ka kunya, matambayi ba ya ɓata. In ba a ba ka jagora ba, ka duba malamin da ajinsa ya fi natsuwa ba tare da bulala ba, ka je ka ce, "Baba, ina so in riƙa koyo a wurinka." Da wuya dattijo ya ƙi irin wannan roƙo.

Mu ma na kwaleji kada mu wanke hannu. Ina ba da shawara biyu ga hukumar kwalejin nan. Ta farko, a zangon ƙarshe a keɓe 'yan kwanaki a gayyato hedimastoci da akawun ofishin ilmi, su zo da rajista da fayil na gaske, su nuna wa masu fita abin da za su tarar. Ta biyu, malaman da ke zagayen duba koyarwar gwaji, in sun shiga makarantar da tsohon ɗalibinmu ya ke aiki, su ba shi ko minti talatin, su ji damuwarsa, su kawo mana labari. Da haka za mu san inda horonmu ya gaza.

Ku kuma da ke zaune a azuzuwan kwalejin nan yau, kwanci tashi waɗansunku za su zama hedimastoci. Wata Litinin za ku ga yaro ko yarinya a bakin ofis, da akwati da takarda, idanu sun yi zuru-zuru. Kafin ku kira monita, ku ba shi kujera da ruwan sha, ku tambaye shi inda zai kwana. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana, amin.